TAC, UNV, Tarayyar Afirka ko Jamus: wace hanya za ka bi zuwa aikin sa-kai a ƙasar waje?

Duk wanda ya fara tunanin tafiya aikin sa-kai na shekara ɗaya ko biyu a wata ƙasa, tambayoyi biyu ne ke fara fitowa daga bakinsa: nawa suke biya, kuma wace ƙasa ce. A ganina akwai tambayar da ta riga su, wato wa zai riƙe maka gurbinka a gida har ka dawo. Gurbin ya haɗa da kujerarka a wurin aiki, cefanen gidanka, kuɗin makarantar yara, har da layin wayar da banki ke turo maka lambar sirri. Hanyoyi huɗu ne na gaskiya da ɗan Najeriya, ɗan Nijar ko matashin zango a Gana da Kamaru zai iya dubawa, kuma kowace da irin mutumin da aka yi ta dominsa.

Ma'aunin da za mu auna da shi

Na farko kuɗi. Ba alawus ɗin wata kaɗai ba: me za ka kashe daga aljihunka kafin ka hau jirgi, wa ke biyan masauki, kuma da wane kuɗi ake biyanka. Wannan na ƙarshen ya ƙara nauyi tun watan Yunin 2023, lokacin da aka saki naira. Dalar da ake sayarwa kusan naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a cikin 2024. Wanda ake biya da dala yana aiko wa gida, lissafinsa daban ne da na wanda ake ba kuɗin kashewa da ke ƙarewa a can.

Na biyu ɗorewa: tsawon wa'adin, tabbacin za a kai ƙarshensa, da abin da zai rage a hannunka bayan an gama. Na uku sauƙin shiga, shekaru da takardu da harshe. Na huɗu haɗari, na tsaro da na lafiya da na damfara. Na biyar, wanda tallace-tallacen ba su cika tsayawa a kai ba, shi ne iyali.

TAC ta Najeriya

Gwamnatin Janar Babangida ce ta kafa wannan shiri na tura ƙwararru waje, Technical Aid Corps (TAC), a 1987, lokacin da Farfesa Bolaji Akinyemi ke ministan harkokin waje. Tunanin shi ne, maimakon Najeriya ta riƙa miƙa wa ƙasashe tsabar kuɗi, gara ta tura musu ƙwararru. Har yau yana ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Waje, yanzu an fi kiransa NTAC, kuma yana tura likitoci, ma'aikatan jinya, malaman jami'a, injiniyoyi da masana shari'a zuwa ƙasashen Afirka, Karibiyan da tsibiran Fasifik: Yuganda, Gambiya, Saliyo, Ruwanda, Jamaika, Fiji da sauransu. Wa'adin shekara biyu ne.

Ta fuskar kuɗi, rabon nauyin a fili yake. Najeriya ce ke biyan tikiti da alawus da dala, ƙasar da ta karɓe ka ita ke ba da masauki. Ba a sayen gurbi. Abin da za ka kashe shi ne na haɗa takardu da zirga-zirgar Abuja. Raunin tsarin ɗaya ne: kuɗin daga baitulmalin gwamnati suke fitowa, kuma duk wanda ya taɓa jiran sakin kasafi ya san cewa ranar da aka rubuta a takarda ba lallai ta zama ranar da saƙon banki zai shigo ba. Kada ka tashi sai ka bar wa gida abin da zai riƙe su aƙalla wata uku ba tare da an jira aikenka ba.

Inda TAC ta yi wa sauran zarra shi ne ɗorewa, musamman ga ma'aikacin gwamnati ko na jami'a. Da takardar saki daga ma'aikatarka kake tafiya, ka gama ka dawo kan kujerarka. Amma kada ka wadatu da "ba komai, Allah Ya kiyaye hanya" daga bakin shugaban sashe. Ka karɓi takarda a rubuce da ta fayyace abu uku: matsayin albashinka a tsawon wa'adin, ko shekarun biyu za su shiga lissafin ƙarin girma, da yadda za a ci gaba da zuba kuɗin fansho. Shugaban da ya yi maka alkawari da baki ƙila an canza shi kafin ka dawo, fayil ne kawai zai tsaya maka.

Shiga ba ta da wuyar fahimta, sai dai tana son haƙuri. Dole ka zama ɗan Najeriya, ka gama bautar ƙasa, kana da shekarun aiki a fanninka da lasisin hukumar sana'arka. Ba kullum ƙofar ke buɗe ba. Ana talla, a yi tantancewa, sannan a jira wata ƙasa ta nemi mai irin ƙwarewarka. Mutum na iya cin tantancewa ya yi watanni shiru, sai rana ɗaya a kira shi ya zo Abuja taron shirye-shiryen tafiya.

Ga ɗan arewa akwai wani sauƙi a wasu guraben. Jami'ar Musulunci ta Yuganda da ke Mbale, a gindin dutsen Elgon, ta daɗe tana karɓar malamai ta wannan shiri. An buɗe ta a 1988, kuma 'yar'uwar Jami'ar Musulunci ce da ke Say a Nijar, domin a taron ƙasashen Musulmi na Lahore a 1974 aka yanke shawarar kafa su biyun. Wanda aka tura can masallaci da naman halal ba za su zame masa matsala ba, sai dai ya koyi cin matoke, ayabar da ake turarawa a ganye a maimakon tuwo. Wanda aka tura wani tsibiri a Karibiyan kuwa yana iya yin sallar Juma'a da mutanen da ba su cika sahu biyu ba. Ba kai ke zaɓen ƙasa ba, wannan ka sa shi a lissafi.

Iyali: an gina tsarin ne a kan mutum ɗaya. Ka yi shiri a kan cewa kai kaɗai za ka tafi.

'Yan sa-kai na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNV

Babban zauren Majalisar ne ya kafa shirin a 1970, hedikwatarsa na birnin Bonn a Jamus, hukumar raya ƙasashe ta Majalisar, UNDP, ke kula da shi. Kana buɗe shafinka a dandalinsu na intanet, ka cike tarihin karatu da aiki, sannan ka riƙa neman kowane gurbi da aka tallata ɗaya bayan ɗaya. Ba a biyan ko sisi a kowane mataki.

A kuɗi babu wadda ta kamo ta a cikin huɗun. Akwai alawus na wata da ake daidaitawa da tsadar rayuwar garin da aka tura ka, akwai kuɗin sauka da kama gida a farko, tikiti, inshorar lafiya da ta rai, hutun kwana biyu da rabi a kowane wata, da wani abu da ake ba ka idan ka kammala. A wuraren da ke da wahala akwai ƙari. Sai dai daga alawus ɗin za ka biya haya, kuma a garuruwan da ma'aikatan ƙungiyoyin duniya suka yi yawa masu gidaje da dala suke magana.

Matsalarta ɗorewa. Kwantiragin farko kan kasance daga 'yan watanni zuwa shekara, ana sabuntawa idan akwai kuɗi, iyakarsa shekara huɗu. "Idan akwai kuɗi" ɗin nan ba magana ce ta wasa ba. An rufe rundunar Majalisar a Mali a ƙarshen 2023, guraben da ke ƙarƙashinta suka tafi da ita. A 2025 Amurka ta rusa hukumarta ta ba da agaji, USAID, ta kuma zaftare tallafi, hukumomin Majalisar da dama suka rage ma'aikata. Sannan ɗan sa-kai ba ma'aikacin Majalisar ba ne: babu fansho, babu alkawarin ɗauka aiki daga baya. Gaskiya ne da yawa sun tsallaka daga nan zuwa aikin dindindin, domin gogewar tana da daraja kuma kana cikin masu jin labarin gurbi da wuri. Amma mai aikin gwamnati da zai ajiye aikinsa dungurungum saboda kwantiragin wata goma sha biyu, ni dai ba zan ba shi wannan shawarar ba. Ya nemi hutu ba albashi. Idan an hana, ya sake tunani.

Shiga ita ce mafi wuya, don da duniya gaba ɗaya kake takara. Rukunin ƙwararru na neman digiri da shekarun aiki a fannin, kuma Turancinka ko Faransancinka ya zama na rubuta rahoto, ba na gaisuwa ba. A nan 'yan Nijar, Kamaru da Chadi ke da fifiko: manyan ayyukan Majalisar a Kwango da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da Faransanci ake yinsu, mai Faransanci da Turanci kuma ya haɗa da Larabci ba ya rasa mai nema.

Haɗarin ya danganta da inda ka faɗa. Akwai gurbi a Nairobi ko Dakar inda za ka yi rayuwa irin ta kowa. Akwai kuma gurbi a Sudan ta Kudu inda ɗakinka kwantena ce a cikin sansani mai shingen waya, da dokar hana fita da daddare, da rediyon hannu da za ka amsa kira da shi, sai bayan 'yan makonni a fitar da kai hutun shan iska. Dole kowa ya ci kwas ɗin tsaro na intanet da ake kira BSAFE kafin tafiya. Abin yabawa shi ne idan rashin lafiya ko rikici ya taso, akwai tsarin kwashe mutum, kuma yana aiki.

A batun iyali UNV ce kaɗai ta tanadi wani abu a fili. An raba garuruwan aiki gida biyu, waɗanda aka yarda a zo da iyali da waɗanda ba a yarda ba. A na farko, idan wa'adin ya kai tsawon da ake buƙata, ana ɗaukar nauyin 'yan kaɗan daga cikin iyalinka. Sai dai matar aure ɗaya ce kawai Majalisar ke amincewa da ita a takarda. Mai mata biyu ko uku ya san cewa ɗaya ce za ta shiga inshora da tikiti, kuma wannan magana ce da ya kamata a zauna a yi ta a gida tun kafin takardar ɗauka ta iso, ba a daren haɗa kaya ba.

Shirin matasa na Tarayyar Afirka

A Abuja aka ƙaddamar da shi a Disamban 2010. Na matasa ne 'yan 18 zuwa 35, wa'adin wata goma sha biyu, a wata ƙasar Afirka da ba taka ba. Ana neman takardar gaba da sakandare, ɗan gogewar aiki, shaidar ka taɓa yin aikin sa-kai, da ɗaya daga harsunan aikin Tarayyar. Suna ba da tikiti, inshorar lafiya, alawus madaidaici da kuɗin sallama a ƙarshe.

Abu biyu ne ya kamata mai nema ya sani. Na ɗaya, zaɓenka da ba ka horo ba su nufin an tura ka. Sunanka jerin jira yake shiga har sai wani ofishi ya nuna yana so, don haka kada ka ajiye aiki ko ka saki ɗakin haya don kawai ka dawo daga horo. Na biyu, guraben da yawa a Adis Ababa suke, a hedikwatar Tarayyar ko hukumar lafiya ta Africa CDC. Garin na kan tudu sama da mita 2,300, dare akwai sanyi, damina daga Yuni zuwa Satumba, haya kuma na cin kaso mai tsoka na alawus, shi ya sa za ka ga matasa uku ko huɗu sun haɗa gida. Ba wurin tara kuɗin aure ba ne. Ribarsa ita ce sanin mutane da sanin yadda ofisoshin nahiyar ke aiki, ga wanda ke son ya yi gaba a wannan layin.

'Yan Nijar su karanta jerin ƙasashen da ke cikin kowane talla da kyau, domin Tarayyar ta dakatar da Nijar a Agustan 2023. Haka shirin 'yan sa-kai na ECOWAS, tunda ƙasar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025.

Jamus, ta shirin weltwärts

Ma'aikatar raya ƙasashe ta Jamus ta fara shirin a 2008 don tura matasanta waje, a 2013 aka buɗe ɓangaren da ke kawo matasa daga Afirka, Asiya da Latin Amurka. Shekaru 18 zuwa 28, yawanci shekara ɗaya. Aikin a gidan renon yara ne, ko cibiyar masu buƙata ta musamman, ko gona, ko wata ƙungiyar al'umma, tare da kwana 25 na taron bita. Ba kai tsaye ake nema ba, sai ta wata ƙungiya a ƙasarka da ke da abokiyar hulɗa a Jamus, kuma akwai irinsu a Gana, Togo da Kamaru.

Ana ba da masauki, abinci, inshora da kuɗin kashewa. Kuɗin kashewar na sabulu da katin waya ne, ba na aikowa gida ba. Idan ka ji an canza maka shi zuwa naira ko sefa ya yi kauri, ka tuna a kantin Jamus za ka kashe shi. Babban shingen biza ce: jami'in ofishin jakadanci yana son ya gamsu cewa za ka dawo, kuma yana iya ƙi ko da ƙungiyar ta riga ta ɗauke ka. Tsaro ba matsala. Abin da ke karya mutane shi ne kaɗaici, duhun hunturu da ke sauka tun kafin biyar na yamma, da zama a gidan mutanen da ba su san me ya sa ba ka cin abin da ke tukunyarsu ba. Ga budurwa, samun yardar iyaye na iya fin bizar wuya, kuma gara a kawo su cikin maganar tun ranar cike takarda.

Ta biyar da ba hanya ba ce

Duk wanda ya ce ka turo kuɗin rajista, kuɗin "sarrafa biza" ko kuɗin ajiye gurbi da sunan ɗaya daga cikin waɗannan, ɗan damfara ne. Wanda kuma ya ce zai riƙe maka fasfo idan kun sauka, wannan ya wuce damfara, ka kai rahotonsa ga NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane ta Najeriya.

| | TAC | UNV | Tarayyar Afirka | weltwärts |
|---|---|---|---|---|
| Wa'adi | Shekara 2 | Watanni zuwa shekara 4 | Wata 12 | Kusan shekara 1 |
| Kuɗi | Dala, da masauki | Mafi tsoka, haya daga ciki | Madaidaici | Na kashewa kawai |
| Aikowa gida | Ana iyawa | Ana iyawa sosai | Da ƙyar | A'a |
| Shiga | Ɗan Najeriya mai gogewa | Takara da duniya | Shekara 18 zuwa 35 | Shekara 18 zuwa 28 |
| Babban haɗari | Jinkirin biya | Yankewar kwantiragi, tsaro | Doguwar jira | Ƙin biza, kaɗaici |
| Iyali | Kai kaɗai | A wasu garuruwa | Kai kaɗai | Kai kaɗai |

Shirin da ba ya canzawa ko wacce ka ɗauka

Ba a fafe gora ranar tafiya. Fasfon da ya rage masa shekara ɗaya ba zai kai ka wa'adin shekara biyu ba, kuma sabuntawa a ƙasar da babu ofishin jakadancinku wahala ce, don haka ɗan Najeriya ya yi mai shafi 64 na shekara goma tun yanzu. Katin rigakafin shawara, takardar shaidar hali daga 'yan sanda, da tantance takardun karatu a ma'aikatun ilimi da harkokin waje duk suna cin makonni. Likita da ma'aikaciyar jinya su nemi takardar kyakkyawan matsayi daga majalisar sana'arsu da wuri.

Layin waya ƙaramin abu ne da ke jawo babbar asara. Idan ya daɗe ba a amfani da shi kamfani na iya sake sayar da lambar, alhali da ita aka ɗaure asusun bankinka. Ko ka biya kuɗin ajiye lamba, ko ka tafi da shi kana taɓa shi lokaci-lokaci. Ka buɗe asusun dala kafin ka tashi. Ka naɗa wakili ɗaya a rubuce, gaban shaidu, kuma a rubuta iyakar abin da zai taɓa. Ka rubuta basussukanka, na kanka da waɗanda kake bi, tare da wasiyya.

Mai aure ya tuna cewa malamai na kawo hukuncin Sayyidina Umar na kada a tsare mayaƙi nesa da iyalinsa fiye da wata huɗu zuwa shida. Shekara biyu ta ninka wannan sau da yawa, don haka yardar uwargida sharaɗi ce, ba sanarwa za ka yi mata ba. Ku tsayar da lokacin zuwa hutu da wanda zai biya tikitinsa, kuma kuɗin cefane su riƙa shiga asusunta kai tsaye, ba ta hannun ƙani ko abokin da sai ta yi ta kira ba.

A jaka, kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji sun fi takalmi na uku amfani. A naɗe daddawar a leda biyu a sa a roba mai murfi, in ba haka ba duk manyan kayanka za su ɗauki ƙamshinta. Mai zuwa Jamus ya bar kilishi, dambun nama da man shanu a gida, domin dokar Tarayyar Turai ta hana shiga da nama da kayan madara a jakar matafiyi, a filin jirgi za a karɓe.

Wa ya dace da wacce

Malamin jami'a, likita ko ma'aikaciyar jinya mai aikin dindindin da iyali a gida: TAC, ko da UNV ta fi biya, domin kujerarka na jiranka. Wanda ya yi shekaru a ƙungiyoyin agaji a Maiduguri ko Diffa, ya saba da kwantiragi kuma ba shi da fanshon da zai rasa: UNV, kuma idan yana son tafiya da iyali ya riƙa neman garuruwan da aka yarda da haka kawai. Wanda ya gama bautar ƙasa bai daɗe ba, ba mai dogaro da shi, yana son harkar diflomasiyya ko lafiyar al'umma: Tarayyar Afirka, yana riƙe da aikinsa na yanzu har takardar turawa ta zo. Matashin da bai wuce 28 ba, mai ƙungiya a garinsu da ke hulɗa da Jamus, mai niyyar koyon harshe ya dawo: weltwärts. Wanda kuma shi kaɗai ke ɗauke da tsofaffin iyaye marasa lafiya, UNV na da guraben cikin gida da ake yi ba tare da barin ƙasa ba, ya fara da su.